Tiyon da ke Ƙasan Sinkin Inna

AUTA: Halo? Halo! Wa nake gani a wayata haka? Yaya da kanta? Lallai yau za a yi ruwa har da ƙanƙara.

YAYA: Salamu alaikum, Auta.

AUTA: Wa alaikumus salam. Ina wuni, Yaya? Ya gida, ya yaran?

YAYA: Lafiya lau. Ya gajiya?

AUTA: Gajiya ta bi lafiya. Ya maigidan? Har yanzu yana fushi da ni a kan agogonsa?

YAYA: Ya manta.

AUTA: Bai manta ba, na san shi. Ki gaya masa agogon nan lafiyarsa ƙalau, da baya kawai yake tafiya tun da na gyara. Shi kaɗai ne a garin nan kullum yake ƙara yarinta, maimakon ya gode min.

YAYA: Zan gaya masa. Kana ina ne haka? Hayaniya ta yi yawa.

AUTA: Na'am? Wa ya yi yawo?

YAYA: Na ce hayaniya ta yi yawa!

AUTA: Au! Shagon mai aski nake. Ba aski na zo ba, injinsu ne yake cizon kai, suka aiko a kira ni. Kin san unguwar nan in babu ni ko ƙwan fitila ba ya kamawa. Kai, rage rediyon nan, yayata ce! To, Yaya, ina jin ki. Ya jikin Inna? Kin leƙa gidan Gwamna kuwa?

YAYA: Babban Yayan naka ne Gwamna?

AUTA: To mene ne? Mutum ya shigo gida, tari ma sai an nemi izini.

YAYA: Na leƙa. Tana nan. Kai yaushe rabonka da zuwa?

AUTA: Ina hanya, wallahi ina hanya. Ayyuka ne suka yi min katutu. Kuma ai kin san ni aka bar wa tsaron gida, ba na son in yi nisa.

YAYA: Haka ne. Ni ma wata 'yar buƙata ce ta sa na kira. Maigidan ya kawo mana injin wanki, irin na Inna. Kicin ɗinmu kuma babu magudana sai ta sinki. Na ce bari in karɓi lambar mai gyaran famfon da ka kawo ya haɗa na Inna.

AUTA: Lambarsa?

YAYA: Eh. Ba kai ka ce wa Babban Yaya ka kawo gwani ba?

AUTA: Hahaha! Yaya, ai kina riƙe da lambarsa yanzu haka.

YAYA: Ban gane ba.

AUTA: Tsaya in fita waje, kunnuwa sun yi yawa a nan. Yauwa. Kina ji? Tsakaninmu fa. Babu wani mai gyaran famfo da ya taka gidan nan. Ni ne nan. Ni na haɗa shi da hannuna, kafin shayin Inna ya huce na gama.

YAYA: Kai?

AUTA: Ni ɗin nan da kuke cewa ban gama makaranta ba. Gwamna ya zo ya duba, ya ga inji yana juyawa, ya ce, "Ka ga aikin masu ilimi, ba irin jagwalgwalonka ba." Wallahi saura kaɗan dariya ta kashe ni. Na ce masa, "Ai kuwa, Yaya, mutumin ya iya."

YAYA: Ikon Allah. To koya min yadda ka yi, in ya so sai ka zo ka yi mana.

AUTA: Yanzu kika yi magana. Abin babu wuya in kana da kai. Kin san in kika buɗe kabad ɗin da ke ƙasan sinki, akwai farin bututun nan da ruwan wanke-wanke yake bi?

YAYA: Na sani.

AUTA: Yana da wata lanƙwasa kamar gwiwa. To a saman gwiwar, a gefe, akwai wani ɗan baki da aka toshe da murfin roba. Masu yin abin sun san wata rana za a haifi irina, shi ya sa suka bar shi. Na ɓalle murfin, na kawo tiyon da ke bayan inji na cusa, na naɗe da robar taya, na bi da salatif. Ko ɗigo ba ya yi. Ki je ki shafa, a bushe yake ƙarau.

YAYA: Tiyon ta ina ka biyo da shi? Ai inji yana wajen kabad.

AUTA: Nan ne basirar take! Wani da sai ya nemo abin huda katako. Ni na duba ƙasa na ga ɓera ya riga ya yi min aikin, ga rami nan a kusurwa daidai kaurin tiyo. Na ce Allah ya saka wa ɓera. Na shimfiɗe tiyon a ƙasa, ya bi ta ramin, sannan ya ɗan ɗaga ya shiga bututu.

YAYA: A ƙasa ka shimfiɗe shi.

AUTA: Shimfiɗa kamar tabarma.

YAYA: Na ga namu ya zo da wata ƙugiyar roba, an ce a ɗaga tiyon sama a rataye shi kafin ya sauko.

AUTA: Ƙaƙale ne na masu kamfani. Yaya, ki yi tunani da kanki. Ruwa yana son hawa sama? Don me zan wahalar da shi? Gangara ruwa yake so. Ƙugiyar ma tana ɗakina, na kafa ta a bango ina rataye hula.

YAYA: Gangara ruwa yake so.

AUTA: Kin gane ke nan.

YAYA: To ruwan sinki fa? Shi me yake so?

AUTA: Na'am?

YAYA: Ka ji ni. Ruwan da Inna take wanke tukunya da shi. In ta cika sinki ta zare abin toshewa, ya sauko gaba ɗaya, ya tarar da gwiwa ta cika, ya ga wata hanya a gefe mai gangara har cikin inji, wacce zai bi?

AUTA: Ai... ai ba haka abin yake ba. Akwai lissafi a ciki.

YAYA: Auta, ba mu sayi injin wanki ba.

AUTA: Kamar ya?

YAYA: Gidan Inna na leƙa. Ɗazu na je kwaso mata sauran kayanta, ba ka nan. Na tarar da kofunanka da faranti a jibge, ƙudaje suna biki, na ce bari in wanke. Na cika sinki, na gama, na zare abin toshewa. Sai na ji wani abu yana ƙul-ƙul-ƙul a bayana. Na juya. Injin a kashe yake, ko wuta ba a kunna ba, ga ruwa yana tasowa ta bayan gilashin. Da ganyen shayinka a ciki, yana yawo.

AUTA: Wataƙila tsohon ruwa ne ya...

YAYA: Na sake cikawa na sake zarewa. Ya sake tasowa. Gani ya kori ji.

AUTA: To ai ƙaramin abu ne, Yaya. Gyaran minti kaɗan ne. Yanzu ma in na koma...

YAYA: Ƙaramin abu. Ka tuna ranar da matar Babban Yaya ta buɗe injin nan ta ciro zanin Inna da ƙwayar shinkafa da ƙayar kifi a jiki?

AUTA: Na tuna.

YAYA: Ka tuna abin da aka ce?

AUTA: Ai ba ni na ce ba.

YAYA: Aka ce Inna ta fara zuba kwanukan abinci a injin wanki. Ta ce ba ta yi ba. Aka sake samun mai a jikin mayafinta, yana wari kamar bayan kasuwa, matar da ko ɗankwali ba ta yarda a ajiye mata a karkace. Ta rantse ba ta yi ba. Aka zaunar da ita a falo kamar mai laifi, Babban Yaya yana tambayarta yau wace rana ce, wannan wace ce, yana nuna ni. Ni! Ta dube ni ta ce, "Yanzu 'yar da na haifa ake tambayata?" Kana tsaye a bakin ƙofa. Me ka ce?

AUTA: Yaya, wasa ne fa.

YAYA: Me ka ce?

AUTA: Na ce... na ce Inna ta ga injin yana aiki ba ya cin abinci, shi ne ta tausaya masa.

YAYA: Kowa ya yi dariya. Har ni na yi murmushi, Allah ya yafe min.

AUTA: Don in sassauta wurin ne! Kin ga yadda fuskar kowa ta yi? Ni a lokacin wallahi ban kawo komai a raina ba. Wa zai ce tiyo...

YAYA: Ban da rantsuwa. Ina kake wanke kayanka yanzu?

AUTA: Wace irin tambaya ce wannan kuma?

YAYA: Na ga rigunanka a ɗaki, a goge, a cikin ledar mai wanki da guga. Kai da kake cika bakin kai ka fi kowa iya sarrafa injin nan. Tun yaushe ka daina saka naka a ciki?

AUTA: Ai... yadina ba ya son inji. Injin yana cinye wuyan riga.

YAYA: Ruwa ba ya tsami banza, Auta. Ka sani. Ka sani tun kafin a kai ta wurin likita.

AUTA: Ban sani ba! Zargi na yi. Zargi daban, sani daban. Na ce zan duba, sai abubuwa suka yi ta faruwa da sauri, kafin in ankara Gwamna ya sa ta a mota. Ke kin san shi, in ya yanke magana ko liman bai isa ba. Halo? Yaya? Kina ji na?

YAYA: Ina jin ka sarai.

AUTA: Na ɗauka layin ne ya yanke.

YAYA: Bai yanke ba. Ka san yadda take yanzu? An ba ta ɗakin baya, kusa da inda suke ajiye buhuna. An hana ta shiga kicin. Ashana ma ɓoyewa ake yi. Jikokinta in sun ga ta nufi famfo sai su ruga su kira uwarsu. Maganin da aka rubuta mata yana sa ta barci, na same ta da rana tsaka tana gyangyaɗi a zaune, carbi ya faɗi ƙasa. Inna fa. Wadda kafin kowa ya farka ta share tsakar gida.

AUTA: Subhanallahi.

YAYA: Gobe da safe mota za ta zo ta kwashe gadonta da sif ɗinta da kekenta na ɗinki. In suka fita daga gidan nan, shi ke nan, ba za ta sake komawa ba. Kai kuma na ga har ka dawo da katifarka falo.

AUTA: Don tsaro ne! Ɗakina yana can baya, ko an fasa ƙofa ba zan ji ba.

YAYA: Har da hotonka a kan talabijin ɗinta. Shi ma tsaron yake yi?

AUTA: Yaya, ki daina min haka mana. To ji nan, ji nan, na samo dabara. Wallahi kaina yana ja in an matsa min. Yanzu zan koma, in ɗaga tiyon, in rataye shi da ƙugiyar nan, in wanke inji da ruwan zafi. Ke kuma ki ce wa Gwamna a dawo da Inna a gwada ta na ɗan lokaci. Ta yi wanki, kaya su fito fes. Sai a ce magani ya yi aiki, ta warke. Kowa ya huta. Inna ta dawo ɗakinta, ni ina nawa, Gwamna ya ce likitansa gwani ne. Wa aka cuta?

YAYA: Sai a ci gaba da ba ta maganin, tunda shi ya warkar da ita.

AUTA: To... a rage mata a hankali.

YAYA: Ta ƙare rayuwarta ana cewa ai ta taɓa rikicewa. In ta manta inda ta ajiye makulli, a kalli juna. In ta ce ga yadda za a yi, a ce to Inna, a yi wani abu daban. Wannan ce dabarar taka?

AUTA: Ai ya fi a ce...

YAYA: Ya fi a ce kai ne.

AUTA: Ke ba ki san abin da Gwamna ya ce min ba! Ranar da firjin nan da na gyara ya ƙone, ya tsaya a gaban kowa ya rantse, in na ƙara taɓa ko ƙusa a gidan nan, kayana a titi. Kin san ba ya rantsuwar wasa. Ina zan je, Yaya? Gidanki? Maigidanki ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. In kwana a shagon mai aski?

YAYA: Na san abin da ya ce. Inna ma ta sani.

AUTA: Me ya kawo Inna a ciki?

YAYA: Daga gidan kai tsaye wurinta na wuce. Na rufe ƙofa na ce, "Inna, lafiyarki ƙalau, tiyo ne, na gani da idona." Na ɗauka za ta yi kuka don murna. Ka san me ta ce?

AUTA: Me ta ce?

YAYA: Ta ce, "Mai robar taya? Na gan shi tuni, ranar da na sunkuya ɗauko sabulu. Duk garin nan wa yake ɗaure abu da robar taya ya bi da salatif in ba Autana ba?"

AUTA: Ta... ta sani?

YAYA: Tun kafin a zaunar da ita a falo.

AUTA: To me ya sa ba ta...

YAYA: Ni ma abin da na tambaye ta ke nan. Ta ce, "In na faɗa, yayanku zai kore shi. Ni tsohuwa ce, in an ce na rikice ba a yi babbar ƙarya ba, yau ne ko gobe. Shi kuwa ina zai kwana?" Tana faɗa tana gyara min ɗankwali.

AUTA: Inna ke nan. Allah sarki Inna. Kin gani ko, Yaya? Ita da kanta ta zaɓa. Ita ta san abin da ya fi. Uwa ai ba ta...

YAYA: Auta.

AUTA: Na'am.

YAYA: Na gaya maka uwarka ta yarda a kira ta mahaukaciya don kada ka rasa katifa, abin da ka ji ke nan? An ba ka izini?

AUTA: Ba haka nake nufi ba. Wallahi zuciyata ta karye. Ina tsaye a bakin titi hawaye yana zubo min, ki tambayi mai aski.

YAYA: Share, ka ji sauran. Ta sa na yi mata alkawari ba zan buɗe baki in gaya wa Babban Yaya ba. Ta riƙe hannuna sai da na rantse.

AUTA: Kin rantse?

YAYA: Na rantse.

AUTA: Alhamdu... ina nufin, to, ai alkawari kaya ne. Ba a saɓa wa uwa.

YAYA: Ba zan saɓa ba. Shi ya sa na kira ka. Kai ba ka rantse wa kowa ba, bakinka a sake yake, kullum ma a sake yake. Ka je wurinsa yau, ka faɗa masa da kanka. Zan tsaya a bayanka. Zan roƙe shi, in ta kama in durƙusa zan durƙusa. In ya kore ka duk da haka, zan san yadda zan yi da maigidan, akwai ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa.

AUTA: Wanda kuke ajiye babur?

YAYA: Ya fi inda Inna take kwana.

AUTA: Yau ɗin nan? Yaya, ki bari in shirya maganar tukuna. Irin wannan ba a faɗa wa Gwamna haka gatsau, sai an sami ranar da ya ci ya ƙoshi. Ki ba ni zuwa ƙarshen mako. Kuma bari in fara gyara tiyon, don in na je in je da labari mai daɗi, in ce an sami matsala amma na magance.

YAYA: Ka gyara, sannan ka ce wace matsala.

AUTA: Haba, Yaya! Haka kika ɗauke ni?

YAYA: Tare muka tashi. Ni na goya ka.

AUTA: To shi ke nan, na ji. Yanzu dai bari in koma gida in duba abin da idona, in san me zan ce. Mai babur! Kai, mai babur, tsaya!

YAYA: Kada ka wahalar da mai babur. Na sa wa kicin sabon kwaɗo. Makullin yana cikin jakata.

AUTA: Kin kulle? Abincina fa yana ciki!

YAYA: Gobe in mota ta zo ina wurin. Babban Yaya ma yana wurin. Zan ce a sha shayi kafin a fara ɗaukar kaya. In an gama in tara kofuna, in cika sinki, in ce masa ya ɗan tsaya kusa da inji ya miƙo min tawul. Sai in zare abin toshewa.

AUTA: Kin rantse fa! Kin rantse wa Inna!

YAYA: Na rantse ba zan yi magana ba. Ko uffan ba zan ce ba. Wanke-wanke kawai zan yi.

AUTA: Wannan ai zamba ce! Wallahi zamba ce, ni na san zamba in na gan ta!

YAYA: Kana da daga yanzu zuwa safe ka riga ruwan nan magana. In daga bakinka ya ji, ina bayanka. In daga inji ya ji, kai da shi.

AUTA: Tsaya, tsaya mana! To in na je, ke za ki fara shiga? Ko mu ce mai gyaran ne ya turo yaronsa, ni kuma na ɗan taya shi riƙe... Yaya? Kin ga, akwai wata hanyar, wallahi wannan ta fi duka, ki saurara kawai. Yaya? Halo? Halo!